Idan Warkewa Ta Wuce Haddi: Tsiron Da Kan Biyo Bayan Tiyata

Sanannen abu ne ga duk wanda ya taɓa zaman jinya a asibiti cewa ranar da aka kwance wa majinyaci zaren ɗinki, aka duba wurin aka ga ya kame, babu ruwa babu mugunya, ita ce ranar da dangi kan yi hamdala, su naɗe tabarmi su koma gida da yaƙinin magana ta ƙare. Kuma a galibi haka ɗin ne, gama daga nan tabo kan yi ta dusashewa sannu a hankali har mai shi ya manta da shi. To amma akwai kaɗan daga cikin bayin Allah waɗanda, bayan watanni, wani lokaci ma bayan shekaru, sai su wayi gari su ji wani ƙullutu ya taso daidai inda wuƙar likita ta bi, ko kuwa a ƙarƙashin wurin, yana girma, yana ƙaiƙayi ko zogi, alhali cutar da ta kai su asibiti tun farko ta daɗe da gushewa. A nan ne zato kan rarrabu: wani ya ce sakacin likita ne, wani ya ce jifa ne, wani kuwa tun kafin a duba shi ya yanke wa kansa hukuncin ciwon daji, ya shiga barin wasiyya.

Abin da masana ilmin likitanci suka tabbatar shi ne, mafi yawan irin wannan tsiro asalinsa guda ne, watau gyaran da jiki ya fara bayan rauni, wanda bai tsaya inda ya kamata ya tsaya ba. Daga wannan kuwa wata mas'ala mai nauyi ta fito, wadda ita ce jigon wannan bayani: tun da yanka ne sababin tsiron, ashe sake yanka ba zai zama magani a kowane hali ba. Akwai tsiron da wuƙa ke warkarwa sarai, akwai wanda take ƙara hasalawa, akwai wanda ake jinkirta masa har ya nuna, akwai kuma wanda jinkirin wata guda a kansa hasara ce babba.

Yadda rauni ke warkewa

Likita, kome gwanintarsa, iyakar abin da yake yi shi ne ya kusanto da gefunan rauni biyu ya riƙe su da zare. Amma haɗewar naman wani aiki ne da Allah Maɗaukakin Sarki ya ɗora wa jikin da kansa, bisa wani tsari mai hawa hawa wanda ba ya saɓawa. Da fari jini ya daskare ya toshe kafa. Sa'an nan a yi 'yan kwanaki na kumburi da ja da ɗumi, lokacin da fararen ƙwayoyin jini ke share matattun nama da ƙwayoyin cuta. Bayan haka sai wasu ƙwayoyin halitta da ake kira fibroblas su taru a wurin, su yi ta saƙa zaruruwan wani abu mai ƙarfi da ake kira kolajin, har wajen mako uku, domin su cike gurbin. Hawa na ƙarshe, wanda ya fi duka tsawo kuma mutane suka fi jahilta, shi ne na gyaran fuska, inda jiki ke warware abin da ya yi yawa, ya daidaita zaruruwan, ya rage jijiyoyin jinin da ya ƙara. Wannan kan ɗauki shekara guda ko fiye, kuma ko bayan ya kammala, ƙarfin tabo ba ya wuce kimanin kashi 80 cikin 100 na lafiyayyar fata.

Misalin wannan kamar magini ne da aka kira ya toshe tsagar katanga bayan damina: ya cusa ƙasa, ya yaɓe, ya shafe ya daidaita, sa'an nan ya wanke hannu ya tafi. Fa'idar aikinsa tana ga sanin lokacin tsayawa kamar yadda take ga sanin lokacin farawa. Domin in ya yi ta ɗora ƙasa ba ya dainawa sai ya toshe lungu, in kuma ya kawo kayan da ba na wurin ba, ko ya tsallaka ya shiga katangar maƙwabci, to gyaran nan ya zama ɓarna. Tsire-tsiren da za a ambata a nan gaba galibinsu ba su fita daga waɗannan fuskoki uku ba.

Tabon da ke toho

Mafi shahara a cikinsu, kuma wanda ba za a ce da shi nadiri ba a ƙasashenmu, shi ne tabon nan mai tudu, mai sheƙi da tauri, wanda likitoci ke kira kiloyid, wanda wani likitan fata Bafaranshe mai suna Alibert ya siffanta a birnin Paris a shekarar 1806. Lalle ne a rarrabe shi da wani ɗan uwansa mai sauƙi, watau tabo mai kauri wanda kan taso cikin makonnin farko, ya tsaya daidai iyakar raunin, kuma ya kwanta da kansa cikin shekara ɗaya ko biyu. Shi kiloyid kan makara kafin ya bayyana, wani lokaci sai bayan watanni, sa'an nan ya ƙetare iyakar raunin ya ci lafiyayyar fatar da ke kewaye, kuma da wuya ƙwarai ya koma da kansa. Wuraren da ya fi so su ne fatar kunne, da tsakiyar ƙirji, da kafaɗu, da saman baya, da muƙamuƙi. Ya fi kama masu shekara 10 zuwa 30. Yana bin dangi. Kuma ya fi yawa nesa ba kusa ba ga baƙar fata bisa ga farar fata.

Ba sai babbar tiyata ke jawo shi ba. Hujin kunne, da tsagar wanzami, da ƙaho, da lalas, da ƙuna, da kurajen ƙarambau, har ma allurar rigakafi a kafaɗa, kowannensu ya isa ya zama sababi ga wanda jikinsa ke da wannan ɗabi'a. Abin lura kuma shi ne, da yake ba safai yake kama jarirai ba, hujin da ake yi wa 'ya mace tana cikin zanen goyo bai kai hujin da 'yan mata kan ƙara wa kansu bayan sun tasa haɗari ba, shi ya sa sau da yawa za a ga ƙullutun ya zauna a huji na biyu ko na uku, na farko kuwa lafiya lau.

Kiloyid ba ciwon daji ba ne, ba ya yaɗuwa zuwa cikin jiki, ba a kuma ɗaukarsa daga wani. Illarsa ita ce ƙaiƙayi, da zafi, da muni, da kunyar da kan hana budurwa fita ba tare da ta rufe kunne ba. Amma babban tarkon da ke cikinsa shi ne saurin yankewa, domin rubuce-rubucen likitoci sun nuna cewa in aka yanke shi kurum ba a haɗa da wani magani ba, yakan dawo ga kashi 45 zuwa 100 cikin 100 na majinyata, kuma sau da yawa ya dawo ya fi na da girma, tun da sabon raunin ya fi tsohon faɗi. Saboda haka likitoci kan fara da allurar wani magani mai suna tirayamsinolon, wadda ake yi a cikin tabon kansa duk bayan mako huɗu zuwa shida, tare da manna wani lallausan faifai na silikon, ko matse wurin da wani irin ɗan kunne mai dannewa. In kuwa yanka ya zama tilas, sai a biyo bayansa nan da nan da allurai, ko da gashi da na'urar haske irin wadda ake yi wa masu ciwon daji aiki da ita, cikin kwana ɗaya ko biyu da yin aikin, a manyan asibitocin da ke da wannan na'ura. Wanda ya kai irin wannan tabo wurin mai aska, ko ya ɗaure shi da zare don ya tsinke, ko ya shafa masa abu mai cin nama, to ya ba shi abin da yake nema.

Naman mahaifa a bangon ciki

Na biyu ya shafi mata ne kaɗai, kuma sanin sa yana ƙara muhimmanci gwargwadon yadda haihuwa ta hanyar tiyata ke ƙaruwa, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2021 ta kai kashi 21 cikin 100 na dukan haihuwar da ake yi a duniya. Cikin mahaifa akwai wata shimfiɗa mai laushi wadda kan yi kauri kowane wata domin tarbar ciki, in ba a samu ba ta zube ta zama jinin haila. Yayin da aka buɗe mahaifa aka ciro jariri, yakan yiwu wasu 'yan ƙwayoyin wannan shimfiɗa, waɗanda ido ba ya gani, su maƙale a cikin kitse ko tsokar bangon ciki, a rufe ɗinki da su. Galibi jiki kan hallaka su. Amma nadiran sukan kafu su rayu, kuma da yake ba su san sun bar gida ba, sai su ci gaba da bin umarnin sinadaran da ke tafiyar da haila, su kumbura su zubar da jini kowane wata a wurin da babu mafita. Wannan shi ake kira endometiriyosis na tabo, kuma waɗanda yake samu ba su kai mace ɗaya cikin ɗari na waɗanda aka yi wa aikin ba.

Alamarsa bayyananna ce ga wanda ya san ta: ɗan ƙullutu a kan tabon ko a gefensa, sau da yawa a ɗaya daga cikin kusurwoyinsa, wanda kan fito bayan shekara biyu ko uku ko fiye, ya yi girma ya yi zafi idan haila ta gabato, ya lafa idan an yi tsarki; wani lokaci ma har fatar wurin ta yi duhu, ko jini ya ɗan tsattsafo. Abin da kan jinkirta gane shi kuwa shi ne kunya, domin mace takan nuna wa likita ƙullutun amma ta ɓoye alaƙarsa da kwanakinta, alhali wannan alaƙa ita ce mabuɗin gane cutar. Sai a yi ta ba ta maganin maruru ko na ciwon mara, shekaru suna wucewa.

A nan hukuncin ya saɓa da na kiloyid gaba ɗaya, domin wuƙa ita ce magani: a cire ƙullutun duka tare da ɗan lafiyayyen naman da ke kewaye da shi, kuma in an yi haka da kyau da wuya ya dawo. Magungunan da ke tsayar da haila suna rage zafi na ɗan lokaci, amma ba sa tumɓuke shi. Bai kamata kuma wannan bayani ya zama hujja ga wata mace, ko mijinta, ko surukarta, su ƙi amincewa da tiyata yayin da naƙuda ta yi gardama ba, gama ba a auna ƙullutun da ake cirewa cikin sa'a guda da ran uwa da na ɗa a ma'auni ɗaya.

Ƙarin da ba ya yaɗuwa amma yana mamaya

Na uku shi ne nadiri na haƙiƙa, wanda ake kira desmoyid, wanda ke kama mutum 2 zuwa 4 kacal cikin miliyan a kowace shekara. Wani likita mai suna John McFarlane ne ya fara bayaninsa a birnin Glasgow a 1832, bayan ya gan shi a bangon cikin matan da suka haihu, sa'an nan masanin nan Bajamushe Johannes Müller ya raɗa masa suna a 1838. Asalinsa daga ƙwayoyin nan ne masu saƙa tabo, sai dai shi a can ciki yake tasowa, cikin tsoka da farin labulen da ke naɗe da ita, ya zama dunƙule mai tauri wanda ba shi da iyaka tsayayya. Matsayinsa tsaka-tsaki ne: ba ya bin jini ya tafi huhu ko hanta yadda ciwon daji ke yi, amma yana kutsawa cikin duk abin da ke maƙwabtaka da shi, ko jijiya ce, ko hanji, ko hanyar fitsari, har ya matse su. Ya fi samun mata masu shekarun haihuwa, kuma ciki, da rauni, da tiyata suna daga cikin abubuwan da ke tayar da shi.

Binciken zamani ya gano inda gizo ke saƙar. A cikin ƙwayar halitta akwai wani sinadari mai suna bita-katenin, wanda aikinsa shi ne ya umarci ƙwayar ta hayayyafa lokacin gyaran rauni, kuma da zarar bukata ta biya sai a rushe shi. A kimanin kashi 85 cikin 100 na masu wannan ƙari, an sami wata 'yar tawaya a ƙwayar gadon da ke sarrafa sinadarin, wadda ke hana a rushe shi, sai umarnin ya yi ta maimaituwa ba fasawa. Wani kaso kuma ya fito ne daga wata cutar gado da ke cika babban hanji da ɗaruruwan ƙananan tsiro, wadda masani Eldon Gardner ya bi diddiginta cikin wata zuriya a jihar Utah ta Amurka a farkon shekarun 1950. Masu wannan cuta akan cire musu babban hanji tun suna samari domin a tsare su daga ciwon daji, sai ga shi wannan tiyata ta ceton rai ita ce kan tayar da desmoyid ga fiye da ɗaya cikin goma daga cikinsu.

Tarihin maganinsa darasi ne ga duk mai gaggawa. Shekaru da yawa ijma'in likitoci shi ne a yanke shi da faɗi, har wani lokaci a rasa tsoka mai yawa ko gaɓa sukutum, amma duk da haka ya yi ta dawowa. Da aka fara haƙuri ana zuba masa ido, ana auna shi da hoton na'ura duk bayan 'yan watanni, sai aka tarar da yawa yakan tsaya cik, wani ma ya motse da kansa. A wani gwaji da aka buga sakamakonsa a 2018, na maganin sorafenib, an ga cewa ko a cikin waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a cikinta domin kwatanci, kashi 20 cikin 100 ƙarinsu ya ragu. Saboda haka a yau matakin farko ga mafi yawan majinyata shi ne sa ido da lura, sai in yana girma ko yana barazana ga wata gaɓa a shiga magani. Kuma a watan Nuwamba na 2023 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da nirogasestat, maganin farko da aka yi wa rajista musamman domin wannan cuta.

Ƙashi a inda ba a halicci ƙashi ba

Na huɗu ya fi duka ban mamaki, domin a cikinsa jiki kan gina ƙashi sosai, mai tauri, wani lokaci har da ɓargo, a tsakiyar tsoka. An san shi da kyau tun Yaƙin Duniya na Farko, lokacin da likitocin Faransa biyu, Madam Dejerine da Ceillier, suka ba da bayaninsa a 1918 ga sojojin da suka sami rauni a laka. Kuma ya sake bayyana da yawa a yaƙe-yaƙen Iraƙi da Afganistan, inda aka same shi ga kimanin shida cikin goma na sojojin Amurka da fashewar bam ta raba da ƙafa ko hannu. A zaman lafiya kuwa an fi ganinsa bayan tiyatar sauya ƙugu, da gyaran karayar gwiwar hannu, da babbar ƙuna, da bugun kai. Nadiran kuma yakan fito a cikin tabon da ya tsaga ciki daga sama zuwa ƙasa, galibi ga maza, daidai ƙarƙashin ƙahon zuci, har mutum ya ji kamar an dasa masa tsinke yana hana shi sunkuyawa.

Sirrin wannan ya fara warwarewa ne a 1965, yayin da wani likitan ƙashi a Amurka, Marshall Urist, ya ɗauki ƙashin da aka zare wa ma'adinansa ya dasa a cikin tsokar dabbobi irin su zomo, sai ga sabon ƙashi ya tsiro a wurin, abin da ya nuna cewa akwai wasu sinadarai da ke iya juya ƙwayoyin gyara su zama masu gina ƙashi. Rauni mai tsanani kan saki irin waɗannan sinadarai a wurin da bai dace ba. Majinyaci kan ji gaɓar tana ƙara sandarewa makonni kaɗan bayan aiki, da ɗumi da kumburi, kafin hoton ƙashi ya nuna abin. Tun 1973 likitoci ke amfani da ma'aunin Brooker, wanda ya kasa shi daraja huɗu a ƙugu, daga 'yan tsibiran ƙashi da ba sa hana kome, har zuwa wanda ya haɗe gaɓar ta daina motsi. Kuma alhamdu lillahi mafi yawa suna daraja ta ƙasa ne. Ga wanda ake jin tsoron zai same shi, akan yi rigakafi da maganin kumburi irin indometasin na 'yan makonni, ko gashi da na'urar haske sau ɗaya cikin kwana uku na farko. In kuwa ya riga ya kafu ya hana motsi, akan cire shi, amma sai an jira ya gama ginuwa iyakarsa ta bayyana. Kuma ba a son a riƙa murɗa gaɓar da ƙarfin tsiya don a miƙar da ita, sai motsa jiki mai sauƙi a hannun gwanayen gashin ƙashi, irin waɗanda ake samu a asibitocin ƙashi kamar na Dala a Kano.

Sauran ƙullutai, da wanda ba a yi wa jinkiri

Akwai wasu kuma da ya isa a ambace su a taƙaice. Jijiyar saƙo da aka yanke, musamman a dungun ƙafa ko hannu, takan yi ƙoƙarin tohowa ta nemi ɗaya ɓangarenta, in ba ta samu ba sai ta cukurkuɗe ta zama ɗan ƙullutu wanda taɓa shi kaɗan ke sa zafi kamar jan lantarki. Zaren ɗinki da ya rage a ciki shi ma jiki kan kewaye shi da nama, ya yi ɗan kumburi mai tsiyayar ruwa, wanda cire zaren kaɗai ke warkarwa; wannan matsala kuwa tsohuwa ce, tun da babban likitan nan na Andalus, Abul Ƙasim Az-Zahrawi, wanda ya rasu a 1013, mai littafin At-Tasrif mai juzu'i 30, ya riga ya yi ɗinkin ciki da zaren da aka murza daga hanjin dabba, wanda jiki ke narkarwa. Auduga ko ƙyallen tsane jini da aka manta a ciki shi ma nama kan naɗe shi ya zama dunƙule mai kama da ƙari, kuma wannan kam kuskure ne na ɗan Adam, shi ya sa jerin sharuɗɗan tiyata da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008 ya wajabta ƙidaya kayan aiki kafin majinyaci ya bar ɗakin. Sa'an nan da yawa daga kumburin da ake gani a tabon ciki ba tsiro ba ne ko kaɗan, ɗinkin ciki ne ya saki hanji ya turo fata, shi ya sa yakan fito in an yi tari ya koma in an kwanta.

Wanda ya bambanta da duk waɗannan shi ne gyambon da kan ɓarke a kan tsohon tabo, musamman tabon ƙuna ko mikin da ya daɗe yana warkewa yana dawowa, wanda ake jingina wa likitan Faransa Marjolin tun 1828. Shi kam ciwon daji ne na fata, yakan ɓullo bayan kimanin shekara 30 da raunin farko, kuma ya fi sauran ciwon dajin fata irinsa saurin yaɗuwa. Duk tsohon tabon da ya buɗe ya ƙi rufewa, ya yi gefe mai tudu, yana wari ko yana zubar da jini, to ba a kwana da shi ana jiran ganin abin da hali zai yi.

Sanin sura kafin hukunci

Malaman fiƙihu ba sa ba da fatawa sai sun fahimci surar mas'ala, kuma wannan ƙa'ida ita ce ta dace da duk wanda ya ga tsiro a wurin tiyata, tun da an ga cewa abin da ya wajaba a kan wani haramun ne a kan wani, alhali a ido da tafin hannu duk kamanninsu ɗaya. Hanyar sanin surar kuwa ita ce a koma asibiti, a ba likita labari cikakke ba tare da ɓoye kome ba, a yi hoton da ya nema, kuma in ya ga dacewa a gutsuri ɗan naman a kai ɗakin bincike a duba shi da madubin likita. Al'adar da wasunmu ke da ita ta karɓar abin da aka cire a je a binne ba ta hana wannan ba, domin ana iya ɗibar abin da bincike ke bukata a miƙa sauran. Amma naman da aka binne ba a bincika ba ya tafi da amsar da wata rana za a nema a rasa.

Haka kuma ya kamata kowa ya adana takardar sallamarsa da sakamakon bincikensa yadda yake adana takardar gida, domin likitan da zai gan shi bayan shekara goma bai san abin da aka yi masa ba. Wanda ya san danginsa suna yin tabo mai toho, ko akwai cutar tsiron hanji a zuriyarsu, to ya faɗa tun kafin a kwantar da shi, domin likita ya zaɓi wurin yanka da irin zare, ya kuma shirya rigakafi. Wanda aka ce da shi ya jira a sa ido kada ya ɗauka an raina ciwonsa ne, ya tafi neman mai yanka. Wanda kuma aka ce da shi a yi aiki yau kada ya ce sai bayan kaka. Neman magani da bin sababi ba su taɓa kore tawakkali ba, kuma a wannan babi, kashi na farko na bin sababi shi ne a san wane irin tsiro ne kafin kowa ya ɗauki wuƙa.